Kurtu da Gafiyoyin Fulatan

Unguwar Hajji, Ƙaraye
4 ga Satumba, 2023

Zuwa ga Yaya Dalhatu,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Hajo da yara. Mu nan lafiya ƙalau, sai mai ɗakina Lantana da ta yi ɗan zazzaɓi, ta kuma warware. Yaya kunnen? Tun da bindigar nan ta fashe maka a kafaɗa ba ka jin magana a waya, shi ya sa na koma wa biro da takarda. Gwadabe direba zai riƙa miƙo maka in ya yi lodin Rogo.

Yau sati biyu ke nan da na kawo maka karena Kurtu, ko tari ban ji daga wajenka ba. Bari in sake faɗa a rubuce, don ranar nan gyaɗa kai kawai kake yi, ban tabbata ka ji ni ba: ajiya na ba ka, ba kyauta ba. Islamiyyar da aka buɗe a jikin gidana ce ta jawo, yara suna tsoron haushinsa, kuma ba zai yi kyau a ce magatakardan hakimi ne ake kawo ƙara gaban hakimi ba. Da na gama katange filina na bayan gari zan zo in ɗauki abina. Na zaɓe ka ne don kakana da kakarka ciki ɗaya suka fito, kuma a dangi kaf kai kaɗai ne ba ka ƙyamar kare.

Shekara uku ina kiwonsa, tun yana ɗan kwikwiyon da na tsamo daga kwata a bayan ofis. Bai taɓa cin ɗanye ba. Tuwo da miya marar yaji da safe, da yamma ɗan romo. Ba ya shan ruwan kududdufi, kuma ran Asabar ake cire masa kaska.

Sannan ka gaya mini gaskiya, ya yi kewata? Kwana nawa ya yi bai ci abinci ba? Ni dai har yanzu in na taso daga ofis sai na ɗan tsaya a ƙofa ina jiran ya taso, Lantana tana yi mini dariya.

Ƙaninka,
Aƙilu

Fulatan, Rogo
9 ga Satumba, 2023

Malam Aƙilu magatakarda,

Wa alaikumus salam. Mun gode da gaisuwa, a yi wa Lantana sannu. Kowa lafiya, kunne yana nan yadda ka san shi, abin da na ga dama shi nake ji. Dawa ta yi kai, gyaɗa ma sai godiya.

Ka tambaye ni kwana nawa ya yi bai ci abinci ba. Wallahi ƙurar motarku ba ta gama kwanciya ba ya cinye tuwon da Hajo ta zuba masa, ya lashe kwanon, ya zo ya kwanta a kan ƙafata. Ka yi haƙuri, kai ka ce in faɗi gaskiya.

Aƙilu, shekara uku ka yi kana ɓata kare. Wannan ba mai gadin ƙofa ba ne, maharbi ne ka ɗaure da sarƙa kana ba shi romo kamar mai jego. Ranar Laraba na fita da shi bayan gonar Maikuɗi maƙwabcina, zomo ya tashi daga cikin wake, kafin in ɗaga bindiga ya cim masa. Na yanka, na farke, na jefa masa hanta da hanji da ɗuminsu, yadda mahaifina ya koya mini. Haka ake yi wa karen farauta, kayan cikin abin da ya kama rabonsa ne, da shi yake sanin cewa shi da maigidansa abokan aiki ne. Tun daga ranar ko masallaci zan tafi sai Hajo ta riƙe shi.

Sunan nan Kurtu bai dace da shi ba. Na sa masa Guguwa, yana kuwa amsawa.

Yayanka,
Dalhatu

Unguwar Hajji, Ƙaraye
14 ga Satumba, 2023

Yaya Dalhatu,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kowa lafiya. Ni dai da sauƙi, don tun da na karanta takardarka ban ci abinci ya yi mini daɗi ba.

Wa ya ba ka izinin canja masa suna? Ko ɗan riƙo aka ba ka, sai ka sake yanka masa rago? Sunansa Kurtu, ni na sa masa saboda yadda yake ƙamewa in na yi masa tsawa. In yana amsa wani suna, kunya ce irin ta baƙo. Kuma kalmar nan "maigidansa" da ka rubuta, na ja mata layi da jan biro. Maigidansa yana Ƙaraye.

Yanzu maganar da ta fi muhimmanci. Na kai takardarka wajen Malam Abdulmutalib, malamin dabbobin da yake duba mini shi tun yana ƙarami. Da ya zo kan hanta da hanji sai ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce yawancin zomaye da kuregun daji suna ɗauke da ƙwan tsutsa a kayan cikinsu, in kare ya ci ɗanye sai ta girma a hanjinsa tana raba abinci da shi. Ya ce ka duba kashinsa da gindin jelarsa, in ka ga wasu farare kamar ƙwayar shinkafa suna motsi, to ita ce. Ga ƙwayoyi uku na naɗe a takarda, a tura masa cikin lomar tuwo. In dole sai ka ba shi rabonsa, a dafa tukuna. Yara kuma su daina bari yana lasar hannunsu.

Na san za ka ce boko ne ya yi mini yawa. Ka faɗa, amma ka ba shi maganin.

Aƙilu

Fulatan, Rogo
12 ga Oktoba, 2023

Malam Aƙilu,

Amincin Allah ya tabbata a gare ku. Ka gafarce ni da jinkiri, cirar gyaɗa ce ta sha kanmu, daga gona sai shimfiɗa. Hajo tana gaishe da Lantana, ga ƙunshin gyaɗa sabuwa na ba Gwadabe, ka tambaye shi kada ya manta da ita a cikinsa.

Ƙwayoyinka sun yi sati biyu a kan bango ban taɓa su ba, don haushin jan bironka. Karnuka nawa na kiwata kafin a haifi malamin dabbobin naku? To amma sai na ga Guguwa yana cin kwano biyu yana ramewa, gashinsa ya dushe, yana jan gindi a ƙasa yara suna dariya. Hajo ce ta kira ni wata safiya ta nuna mini inda ya kwana. Ga shinkafar nan kuwa tana tafiya da kanta. Na ba shi maganin, abin da ya fito ba zan rubuta ba, kana iya kasancewa kana cin abinci. Yanzu ya murmure, ya fi da sheƙi. Ka gaya wa malaminku ya ci wannan.

Sai dai ka san wani abu? Kwanakin da yake jin jiki, ba ya yarda kowa ya taɓa cikinsa sai ni. In na zauna a gindin ɗorawa ina tsinkar gyaɗa, haɓarsa tana kan gwiwata. Rannan na gwada shi, na kira Kurtu sau uku, ko kunne bai kaɗa ba. Na ce Guguwa sau ɗaya, sai ga shi a guje har yana ture Hajo. Ban faɗa don in ɓata maka rai ba, labari ne kawai.

Dalhatu

Unguwar Hajji, Ƙaraye
16 ga Oktoba, 2023

Yaya Dalhatu,

Bayan gaisuwa, mun ga gyaɗa, an gode. Muna lafiya.

Wata guda ban ji daga gare ka ba, kullum sai na bi ta tasha Gwadabe yana kaɗa mini kai. Ashe karena yana can tsutsa tana cinsa, kai kana fushi da biro. Sannan ka iya zama ka rubuta mini cewa ka gwada shi da suna. Na karanta wurin nan ya fi sau goma, har hakimi ya tambaye ni ko rasuwa aka yi mana.

Ba zan ɓoye ba, kishi nake yi, kuma ina jin kunyar kaina. Mutum da gemunsa yana kishi a kan kare. Amma ni na ba shi madara da cokali lokacin da idonsa bai gama buɗewa ba, kai kuwa wata biyu ka yi da shi ka saye shi da hanjin zomo.

Katanga ta kai kafaɗa, saura a sa ƙofa. Ƙarshen watan nan ko farkon na gobe zan zo in tafi da shi. Kada ka ce mini damina ko rani, kada ka turo mini Hajo da ban baki. Kafin nan kada a sake fita da shi daji.

Aƙilu

Fulatan, Rogo
Alhamis, 26 ga Oktoba, 2023

Ƙanina Aƙilu,

Ina gaishe ka da kyau, kai da iyali. Mu nan alhamdu lillahi, an gama ɗaure harawa, gyaɗa ta shiga buhu.

Takardarka ta yi zafi, na kuma ji ta. Ban fita da shi daji ba tun da ka hana. Sai dai abin da ke jinin kare ba ya jiran izini. Ran Lahadi da hantsi ya zagaya bayan ɗakin da Maikuɗi yake tara gyaɗa, ya kashe gafiya uku shi kaɗai, manya, kowace ta kai damtsena. Da rana fa, ko gudun kirki ba su iya yi ba don tsoronsa. Da yake ba ni na sake shi da bisimilla ba, kuma kafin in iso da wuƙa sun riga sun mutu, ba su halatta gare mu ba, sai na bar masa su duka. Ya ci biyu a ranar, ya binne ɗaya ya tono ta washegari. Duk unguwa maganarsa ake yi.

To amma tun jiya ya canja. Ya ƙi tuwo, ya ƙi romon da Hajo ta yi masa irin naka, in ya tashi sai ya yi taku kaɗan ya kwanta yana haki. Ya je ya kwanta a bakin zaure ya miƙa kai yana kallon hanyar Ƙaraye, duk motar da ta wuce sai ya bi ta da ido. Ina ganin kewarka ce ta taso masa. Ka ga ashe bai manta da kai ba, ka kwantar da hankalinka. Tun da haka ne, me zai hana ka bar mini shi zuwa ƙarshen rani, ka riƙa zuwa kana ganinsa?

Yayanka,
Dalhatu

Unguwar Hajji, Ƙaraye
Juma'a, 27 ga Oktoba, 2023

Yaya Dalhatu,

Barka da Juma'a. Muna lafiya, yau kam lafiya sosai.

Ashe dai. Ina Guguwar take? Ina haɓa a kan gwiwa? Na san za a yi haka, kare ba ya manta hannun da ya fara ciyar da shi, ya dai yi maka kara ne irin na baƙo har ya gaji. Na karanta wa Lantana wurin hanyar Ƙaraye, ta ce ban yi irin wannan fara'ar ba ko ranar da aka ƙara mini girma.

Malam Abdulmutalib yana da tasa maganar, amma su malaman nan cikin dabba suka karanta, ba zuciyarta ba.

Maganar ƙarshen rani babu ita. Ga abin da nake so: ka rubuto mini layi ɗaya da hannunka, ka ce Kurtu na Aƙilu ne, kuma shi yake nema. Da Gwadabe ya miƙo mini zan hau babur in taho, ka ga yadda zai miƙe ya ci tuwo a gabanka. In kuma girman kai ya hana ka, sai Asabar ta sama, in na gama da baƙin da hakimi zai yi. Kwana biyu na kewa ba ya kashe kare.

Naka cikin farin ciki,
Aƙilu

Fulatan, Rogo
Talata, 31 ga Oktoba, 2023

Aƙilu,

Assalamu alaikum. Mutane suna lafiya.

Kare ya mutu jiya Litinin bayan la'asar.

Ran Asabar da takardarka ta iso yana nan kwance, na ɗaga leɓensa na ga dasashinsa fari fat kamar an wanke. Ran Lahadi jini ya fara ɗiga ta hancinsa, cikinsa ya kumbura, kashinsa ya koma baƙi. Na jiƙa masa saiwoyin da na sani, na ɗura masa madara, na ɗura manja, babu wanda ya zauna. Da Maikuɗi ya leƙo dubiya ya ga jinin, sai ya dafe kai. Ya ce tun sati biyu da suka wuce ya zuba maganin ɓera a ɗakin gyaɗarsa saboda gafiya ta dame shi, irin wanda ba ya kashewa nan take. Bai gaya wa kowa ba don ya kulle ƙofa, bai yi tunanin za su fito da shi a cikinsu ba. Ashe ba tsoron kare ne ya hana su gudu ba. Shekara talatin ina farauta, na san gafiya ba ta yawo da hantsi, amma daɗin kirarin da ake yi masa ya rufe mini ido.

Na so in kawo shi Ƙaraye ran Litinin da safe, masu mota biyu suka ƙi ɗaukar kare mai zubar jini. Kafin in sami aron babur ya riga ya fara sanyi.

Na binne shi a gefen gonata, na zurfafa ramin don kada wani abu ya tono shi ya ci. Ajiya ka ba ni, na kasa riƙewa. Duk abin da za ka faɗa, ka faɗa.

Dalhatu

Unguwar Hajji, Ƙaraye
6 ga Nuwamba, 2023

Yaya Dalhatu,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da Hajo. Jiki lafiya.

Na rubuta maka takardu uku na zagi na yaga. Ba don na yafe ba, don ba ni da bakin yi ne. Akwai abin da ko Lantana ban gaya wa ba.

Ranar Juma'ar nan ta 27 ga Oktoba, da aka sauko daga masallaci, na nuna wa Malam Abdulmutalib takardarka don in yi masa alfahari da maganar hanya. Bai ma kai wurin ba. Yana karanta gafiya uku da hantsi, da hakin da kare yake yi, sai ya riƙe hannuna ya ce: "Wannan guba ce, Malam Aƙilu. Jininsa ne yake tsinkewa a ciki. Akwai allura, ina da ita, in aka yi masa yau ko gobe ana iya samunsa. Ɗauko babur mu tafi."

Na ce masa bari in je gida in sauya riga. Na shiga ɗaki na sake buɗe takardarka, idona ya faɗa kan layin nan, yana kallon hanyar Ƙaraye. Sai na ji ba na so ya zama guba. Wata biyu ina jiran wannan layin, ga shi ya zo, wani kuma yana so ya mayar mini da shi ciwon ciki. Na aika aka ce wa malamin aiki ya taso mini. Na zauna na rubuta maka abin da ka karanta. Ya kira wayata sau biyu ran Asabar ban ɗauka ba, ina tasha ina jiran Gwadabe ya kawo mini layi ɗaya daga hannunka. Daga ƙofata zuwa taka ba ta kai tafiyar awa biyu ba.

An sa wa katanga ƙofa shekaranjiya. Na je na tsaya a ciki na fito.

Abu ɗaya nake roƙo, kuma na san bai kamata in tambaya ba. Har ƙarshe yana kallon hanyar? Ka gaya mini ko yana ɗaga kai in ya ji ƙarar babur. In na san ni yake jira, zai fi yi mini ciwo, amma ina so in sani.

Ƙaninka,
Aƙilu

Fulatan, Rogo
15 ga Nuwamba, 2023

Aƙilu,

Na ga takardarka, na kwana tara ina juya ta. Hajo tana gaishe ku, kowa lafiya.

Da na so in ce maka e, a rufe maganar. Hajo ta ce in na sake yi maka ƙarya a kan karen nan ba za ta ƙara dubana da mutunci ba, don ita ce ta ga komai.

Bai taɓa kwanciya a bakin zaure ba. Bai kalli hanyar Ƙaraye ba, bai bi mota da ido ba. Ni na ƙirƙira. Ka ce za ka zo ka tafi da shi, na ga fushinka ya yi yawa, sai na yi tunanin in na ɗan shafa maka zuciya, ka ji cewa har yanzu kana da wuri a wajensa, za ka sassauta ka bar mini shi zuwa rani. Ciwon kuwa na ɗauka ƙoshin nama ne, kwana biyu zai wuce. Da abin da na gani kawai na rubuta, da ba ka sami abin riƙewa ba, da ka sauya rigar ka taho da malamin.

Layin da ka nema ma, da na rubuta shi ran Asabar da ka iso ran Lahadi. Na ɗauki biro na ajiye. Ina kallonsa yana haki, na kasa rubuta cewa naka ne.

Ka tambayi wanda yake jira. Tun ranar Laraba ya ja jiki ya shiga bayan randunan Hajo inda ƙasa take da laima, ya juya fuska ga bango, a nan ya zauna har ƙarshe. Na kira shi da sunan da na sa masa, na kira shi da naka. Babu wanda ya nema, Aƙilu, ni ko kai. Ruwa kawai yake so, shi ma daga baya ya kasa sha.

Yayanka,
Dalhatu